Yadda ake koya wa ƙaramin yaro ya sa wa labari rai a gaban jama'a

Wata uwa ce ta yi tambaya. Ta ce ɗanta yana da shekara shida, an ba shi gajeren labari zai faɗa a taron makaranta nan da mako uku. Ya haddace shi tsaf, amma yana zubo shi a guje da murya ɗaya kamar ana korarsa, idan kuma ta ce ya ɗan yi motsi sai ya yi ta wurgi da hannuwa ba kai ba gindi. Tana so ta san ta ina za ta kama.

Malama, yaronki ba shi da laifi, kuma wannan ba ya nuna rashin baiwa. An fara masa aikin ne daga wutsiya. An ba shi kalmomi ya haddace kafin a ba shi hoton abin da kalmomin suke faɗa, shi ya sa yake sauke su kamar wanda kaya suka yi wa nauyi a ka. Ki saurare shi ranar da ƙanensa ya karya masa abin wasa ya zo kawo ƙara. Murya za ta hau ta sauka, ido zai buɗe, yatsa zai nuna daidai inda abin ya faru, ba tare da kowa ya koya masa ba. Abin da ya sa haka shi ne yana ganin abin a ransa, yana da wanda yake gaya wa, kuma akwai abin da yake so ki yi. Aikinki a makonnin nan uku shi ne ki samar masa waɗannan abubuwa uku a cikin labarin da ba nasa ba. Murya da motsin jiki za su biyo baya.

Ki fara duba tsawon labarin. Ɗan shekara huɗu ko biyar, layi huɗu zuwa takwas sun ishe shi. Ɗan shida ko bakwai zai iya riƙe abin da bai wuce minti ɗaya da rabi ba, wato kalma 80 zuwa 120 idan ana faɗarsu a natse. In labarin ya fi haka, ki roƙi malaminsa a rage. Abin da za a bari shi ne inda wani abu yake faruwa da inda ake magana. Dogon kwatance da jawabin nasiha su ne farkon abin yankewa, domin yaro ba ya iya ganin "muhimmancin gaskiya" da idonsa, amma yana iya ganin kura a bayan dutse.

Bari mu ɗauki ɗan guntun misali mu yi aiki a kansa:

"Rana ta faɗi. Ɗan maraƙi ya waiwaya, bai ga uwarsa ba. Ya tsaya cak, ya kasa kunne. Tsit. Can sai ya ji motsi a bayan dutse. Ya ce, 'Wane ne?' Kura ta sassauta murya ta ce, 'Ni ce, ɗana. Matso kusa, ba na ji sosai.'"

Kwana uku na farko ki ɓoye takardar. Kada ki bari ya karanto haddarsa ko sau ɗaya, domin kowane maimaici yana ƙara kafe tsohuwar muryar. Ku buga labarin a ƙasa kamar wasa. Kujera ta zama dutse, ke ki laɓe a baya ki zama kura, shi ya zama ɗan maraƙi, ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa da nasa kalmomin. Sannan ku yi musanya. Wannan dabara ta babba ya shiga cikin wasan maimakon ya tsaya gefe yana ba da umarni, Dorothy Heathcote, malamar wasan kwaikwayo ta Ingila da ta rasu a 2011, ta shahara da ita, kuma tana aiki ne saboda yaro yana mayar da martani ga abin da ake yi masa fiye da abin da ake gaya masa. Idan kika yi motsi a bayan kujera ya zabura da gaske, to wannan zaburar ce za ki tuna masa daga baya.

Irin tambayar da kike yi masa ita ce ƙashin bayan aikin. Idan kika ce "yaya ɗan maraƙi yake ji?" amsar da za ki samu ita ce "ba daɗi", shi ke nan. Ki tambaye shi abin da ido yake gani da abin da zuciya take so. Dutsen ya fi ka tsawo? Ta wane gefe uwar take tsaye ɗazu? Me ya ji, ƙarar ganye ce ko numfashi? Da ya ce "wane ne?", wa yake fatan ya amsa? Sai babbar tambayar, wadda Konstantin Stanislavski, masanin wasan kwaikwayo na Rasha da ya rasu a 1938, ya gina koyarwarsa a kanta: da a ce kai ne a wurin, me za ka yi? Abin da ba na so ki taɓa cewa shi ne "yi fuskar tsoro" ko "faɗe shi da baƙin ciki". Yaro zai ba ki fuskar nan take, ya zare ido ya murguɗa baki, kuma duk mai kallo zai gane na roba ne. Ki ba shi abin yi maimakon abin ji: "ka yi tambayar a hankali don kada abin da ke bayan dutse ya san kana tsoro." Nan za ki ji muryar ta canja da kanta.

Maganar kura tana da wahala ta musamman, kuma yana da kyau ki san dalili. Kura tana faɗin abu ɗaya, tana nufin wani. Sai wajen shekara huɗu zuwa biyar yara suke fara gane cewa wani zai iya yarda da abin da ba gaskiya ba, saboda haka ɗan shida ya fahimci yaudara, amma fahimtar ba ta daɗe da zama ba. Yawancinsu za su faɗi "matso kusa" da gurnani, tun da sun san kura muguwa ce. Ki tambaye shi: in kura ta yi gurnani, ɗan maraƙi zai matso ko zai gudu? Zai ce zai gudu. To me kura za ta yi don ya matso? Ki bar shi ya gano da kansa cewa dole ta yi murya mai daɗi. Ranar da ya gano wannan, za ki ga ya yi wani ɗan murmushin mugunta kafin ya faɗi layin, kuma wannan murmushin ya fi duk wani motsi da za ki ƙirƙira masa.

A rana ta huɗu ki dawo da ainihin kalmomin, ki fara da shiru. Gudun da yake yi yana da tushe biyu: tsoron mantuwa, da rashin sanin inda zai ja numfashi. Huhun yaro ƙarami ne, ba zai iya ɗaukar doguwar jimla da numfashi ɗaya ba, sai ya yi ta sauri don ya kai ƙarshe kafin iska ta ƙare, ƙarshen kowace jimla kuma ya shige ciki ba a ji. Ki ɗauki fensir ki ja tsaye ɗaya a inda zai ja numfashi, tsaye biyu a inda zai dakata ya ƙirga biyu a zuci. A misalinmu, tsaye biyu suna zuwa bayan "ya kasa kunne" da bayan "tsit". Amma kada shirun ya zama ƙirga kawai. Ki gaya masa abin da zai yi a cikinsa: ya saurara da gaske, ya ji ko akwai motsi. Shirun da babu komai a ciki yakan yi kama da mantuwa, wanda aka cika da sauraro kuwa yakan sa zauren duka ya kasa kunne tare da shi.

Numfashin kansa ana koyar da shi a minti biyu kafin kowane zama. Ya kwanta rigingine, ki ɗora masa ƙaramin littafi a ciki, ya sa littafin ya hau ya sauka ba tare da kafaɗa ta motsa ba. Sannan ya tashi tsaye ya ja iska ta hanci, ya sake ta da "sssss" kina ƙirga masa biyar, a hankali a kai takwas. Kada ki wuce sau huɗu ko biyar a jere, jiri zai iya ɗibarsa.

Game da ƙarfin murya, kalmar "ɗaga murya" ita ke jawo ihu. Ki ajiye 'yar tsana taku uku daga gabansa ki ce ya gaya mata labarin. Gobe ki mayar da ita taku shida, jibi ƙarshen ɗaki. Yaro ya san yadda ake aika magana zuwa ga wanda yake nesa, abin da bai sani ba shi ne "ƙarfi" marar manufa. Ki sa ido a wuyansa: in jijiyoyi sun tashi ko haɓa ta miƙe gaba, da maƙogwaro yake turawa, ku tsaya ya sha ruwa. Yawan ihu da gurnani daga maƙogwaro yana haifar da ƙananan ƙulluwa a igiyoyin murya, kuma wannan yana cikin manyan dalilan dishewar murya a yara. Shi ya sa muryar dodo ko ta zaki ba da kakari ake yin ta ba. A rage sauri, a buɗe baki sosai, a ja wasula, nauyin zai fito. Idan muryarsa ta dishe ta wuce mako biyu zuwa uku ba mura, ki kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Akwai wani abu da masu koyarwa da yawa suke tsallakewa idan da Hausa ake yin wasan. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya suna cikin jikin kalmar. "Wuya" na jiki da "wuya" ta wahala harufansu ɗaya, haka "kuka" na hawaye da "kuka" itaciya, sauti ne ya raba su, rubutunmu na yau da kullum kuwa ba ya nuna sautin kuma ba ya nuna tsawon wasali. Saboda haka idan kika ce wa yaro ya "danna" wata kalma ta hanyar cilla muryarsa sama a kanta, zai iya karya kalmar, maganar ta fito kamar ta baƙon harshe. Kayan aikin da suke hannunki su ne sauri da jinkiri, ƙarfi da taushi, shiru kafin kalma, da ɗaga ko sauke jimlar gaba ɗayanta. Sannan harshen ya ba ki kyauta babba, wato kalmomi irin su cak, tsit, wuf, kwatsam, tinjim. Waɗannan da ma da wasansu suke zuwa. Ki bar shi ya more su: "cak" gajere mai kaifi, jiki ya daskare tare da shi, "tsit" da raɗa, "can" kuma a ja shi, "caaan", ido yana bin nisa. Yaron da ya kama waɗannan uku kaɗai ya riga ya fita daga murya ɗaya.

Za ki so ki karanta masa ya kwaikwaye ki, kuma ba laifi ya ji karatu mai kyau. Matsalar ita ce yaro aku ne mai kaifin kunne, zai ɗauki muryarki sak har da inda kika yi tari, idan ya ɓata guda ɗaya kuma duka ya rushe, tun da ba nasa ba ne. Hanya mafi kyau ita ce ki faɗi layi iri biyu ki ce ya zaɓa, ya kuma faɗi dalili. Wani lokaci ki ɓata da gangan: ki faɗi "bai ga uwarsa ba" kina fara'a. Zai yi dariya ya ce ba haka ba ne. Ki ce to yaya ne, nuna min. Ya zama malami, ke ɗaliba.

In ya fara iya karatu, ki bar shi ya riƙa bin takardar da yatsa ko da ya haddace. Maimaita karanta guntun rubutu ɗaya a bayyane hanya ce da masanin karatu Jay Samuels ya bayyana a 1979, kuma rahoton kwamitin masana da aka kafa a Amurka kan koyon karatu, wanda ya fito a 2000, ya nuna cewa irin wannan maimaici tare da babba mai gyarawa yana inganta saurin karatu da fahimta. Ke nan wahalar da kike sha ba ta taron makaranta kaɗai ba ce. In bai iya karatu ba tukuna, ku zana hoto ɗaya ga kowane ɓangare, hoto biyar ko shida, su zama takardarsa.

Zama kada ya wuce minti goma, sau ɗaya ko biyu a rana, kuma ki tashi tun yana so a ci gaba. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa haddar da aka rarraba a kwanaki ta fi zama a kan wadda aka cusa a zama ɗaya. Barci kuma yana taimaka wa abin ya kafu. Ki lura da wani rami: haddar da aka yi daga farko zuwa ƙarshe kullum kamar sarƙa take, zobe ɗaya ya tsinke sauran sun zube. Maganinta shi ne ki riƙa ɗaga hoto na uku ki ce fara daga nan, gobe na biyar. Ki kuma ba ƙarshen labarin lokaci fiye da farkonsa, domin farko ya sha maimaici sau talatin, ƙarshe kuwa sau goma, alhali shi ne abin da jama'a za su tafi da shi.

Idan waƙa ce aka ba shi maimakon labari, ciwon daban ne. Kari da amsa-amo za su ɗauke shi ya yi ta lilo, yana tsayawa a ƙarshen kowane layi ko ma'ana ta ƙare ko ba ta ƙare ba. Ki rubuta baitin a jere kamar wasiƙa, ya gaya miki shi kamar hira har ya san inda kowace magana ta tsaya, sannan ki mayar masa da karin.

Motsin jiki shi ne na ƙarshe, a mako na uku, kuma kaɗan ne. Ki fara da ƙafa: a buɗe daidai faɗin kafaɗa, a kafe, ki ce masa itace ne mai saiwa. Lilo da sosa kai da jan riga yawanci daga ƙafar da ba ta zauna ba suke farawa. Hannuwa su huta a gefe. A labarin minti ɗaya, motsi uku sun isa, kuma ki ɗauko su daga abin da shi ya yi da kansa a wasan kwanakin farko. Wurgin hannun da kika gani ya samo asali ne daga nuna kowace kalma, a ce "rana" a nuna sama, a ce "kunne" a taɓa kunne, wanda ba ya ƙara wa mai sauraro komai. Motsi na gaske yana riga kalma da ɗan kaɗan: ya waiwaya tukuna, ya ga babu kowa, sannan ya ce "bai ga uwarsa ba". In motsin ya zo bayan kalmar, zai yi kama da wanda ya tuna aikin da aka ba shi.

Ido ya fi hannu aiki. Ki ba kowane mai magana wurin kallonsa. Mai ba da labari yana kallon jama'a. Ɗan maraƙi yana kallon sama kaɗan ta dama, inda dutsen yake. Kura tana kallon ƙasa kaɗan ta hagu, inda ɗan maraƙin yake. Da wannan ɗan juyin kai kaɗai mutane za su san wanda yake magana, ba sai ya yi tsalle daga wuri zuwa wuri ba. Abin rufe fuska ki bar shi, yana toshe murya yana kuma ɓoye fuskar da kika sha wahala a kanta.

Wajen gyara, abu ɗaya tak a kowane zagaye, kuma kada ki katse shi a tsakiya. Ki fara da abin da ya yi aiki, ki ambace shi da suna: "da ka yi shiru bayan tsit, har na ji tsoro." Wannan ya fi "ka yi ƙoƙari" sau goma, domin ya san abin da zai sake yi. In haƙoransa na gaba sun fita, kamar yadda suke fita a wannan shekarun, sautin "s" zai ɗan zame, ki ƙyale shi. In yana da in'ina, kada ki ce masa ya natsu ko ya sake. Ku faɗi layin tare, murya biyu a lokaci ɗaya, domin magana tare da wani takan sassauta in'ina sosai, sannan ki nemi shawarar masanin gyaran magana ba don taron ba, don shi kansa.

Tsoron jama'a kuma da tsani ake hawansa. Yau 'yan tsana, gobe mutum ɗaya, jibi mutum uku, sannan wani babba da bai saba da shi ba. In da hali ya ga wurin taron tun kafin ranar, ya tsaya inda zai tsaya, ya faɗi layin farko. In da makirufo, ya gwada shi, tazarar tafin hannu ɗaya daga baki, don kada jin muryarsa daga lasifika ya razana shi a karon farko. Ku yi gwajin mantuwa da gangan: in ya kakare, ya ja numfashi ɗaya, ya tuna hoto na gaba, ya ci gaba daga can, kada ya koma farko. Ku yi gwajin dariya ma, domin yara da yawa suna ɗauka su ake yi wa. Ki gaya masa in an yi dariya a maganar kura, ya ci nasara ne, ya jira ta lafa kafin ya ɗora. Idan duk da haka ya ce ba zai iya shi kaɗai ba, ki nemi malamin ya raba labarin, wani yaro ya zama kura. Kada ki tilasta masa da kunyatarwa ko da alkawarin kyauta mai girma, dukansu nauyi suke ƙara masa.

Kwana biyu kafin taron ki daina gyara gaba ɗaya, sau ɗaya a rana ya isa. Abin da ya rage ki koya masa shi ne shiga da fita. Ya taka zuwa wurinsa ba gudu, ya kafa ƙafa, ya nemo fuska ɗaya mai fara'a a layin baya, ya ja numfashi, sannan ya fara. Idan ya faɗi kalmar ƙarshe kada ya juya nan take, domin yawancin yara suna haɗiye layin ƙarshe ƙafarsu ta riga ta kama hanya. Ya tsaya yadda yake, idonsa a inda kura take kallo, ya ƙirga uku a zuci, sannan ya dubi jama'a ya sauka.